Sa'a tara da minti arba'in

Sana'ata gyaran waya. Na shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano a 2012 ina yaron shago, ana aike na sayen sikirin da batir, har Allah ya sa na kafa nawa teburin. Bakin caji, lasifika, fanel (babban allon da kayan cikin waya ke kai), ai-si na wuta (ɗan guntun da ke raba wa waya wuta), babu wanda ban kwance na mayar ba. Duk da haka sai a 2023 na san sa'a nawa nake yi a rana idona na kan tawa wayar, kuma ba ni na nemi sani ba.

A cikin birni na tashi, gidan yawa. Bayan isha'i Baba kan shimfiɗa buzunsa a zaure da rediyonsa, ƙarfe goma ya rufe ƙofa, kowa ya nemi makwanci. Wayata ta farko na same ta a 2011, 'yar ƙarama mai madannai, lokacin ana yayin manhajar hira ta 2go da kiran dare kyauta. Mu samarin lokacin muna jiran sha biyu da rabi ta buga kamar masu jiran buɗa-baki. Tun nan jikina ya koyi cewa tsakar dare lokacin hira ne. Da kiran dare ya wuce sai datar dare mai araha ta maye gurbinsa, ni ma na bi ta.

Shekaru da yawa abin bai dame ni ba, ko kuma ban lura ba. Ina aikina, na yi aure, aka haifa mana yara biyu. A Afrilun 2020 aka kulle Kano saboda korona, aka rufe kasuwanni, azumi ya same mu a ɗaka. Wanda ya zauna a garin nan a waɗannan makonni bai manta ba: ka buɗe waya da asuba, sanarwar rasuwa ce ke bin sanarwar rasuwa, yawancinsu dattawa. Baba na cikin waɗanda suka tafi. Ba a yi zaman makoki yadda aka saba ba, ta waya aka yi mana ta'aziyya. Na kwana uku ina amsa saƙonni, amin, amin, na gode, kuma da saƙonnin suka ƙare ban ajiye wayar ba. Idan na ajiye ta sai zauren nan ya faɗo mini, da buzun da ba kowa a kai. Idan na ɗauka kuwa akwai abin kallo har gari ya waye.

An buɗe kasuwa, kowa ya koma harkarsa, amma ni darena bai dawo ba. Ga yadda yake tafiya, don wanda ke cikin irinsa ya gane kansa. In dawo gida wajen tara, in ci abinci hannu ɗaya na cikin kwano ɗaya na kan waya. Sha ɗaya in kwanta da niyyar duba saƙon kwastomomi. Daga saƙo in faɗa zaurukan hira, daga nan in koma gajerun bidiyo, waɗanda ba su da ƙarshe, kana ture ɗaya da yatsa wani na hawowa. Sha biyu datar dare ta buɗe. Ba na sanin inda biyu da uku suka wuce, sai in ji kiran sallar farko. In yi asuba ido na yaji, wani lokaci ma rana ce ke tashe ni, in fita kasuwa da barcin sa'a uku ko huɗu. Babban mutum kuwa bakwai zuwa tara jikinsa ke nema.

Lokacin zaɓen 2023 abin ya ƙara muni. Daga zaɓen gwamna a watan Maris har hukuncin Kotun Ƙoli a Janairun 2024, Kano ba ta da wata hira sai wannan, kuma ni ina cikin masu raba dare ana musu. Mutumin da ban taɓa gani ba zai zage ni a ƙarƙashin rubutuna, in kwana ina shirya amsar da zan ba shi. Zuciyata ta riƙa bugawa da ƙarfi duk lokacin da waya ta yi ƙara. Ga kuma wani ciwon da ban iya faɗa wa kowa ba: abokan da muka koyi aiki tare suna ɗora hoton sabon shago, hoton Umara, hoton mota. Na san wasunsu bashi ya yi musu katutu, don ni ake kawo wa waya jingina, amma sanin bai hana ƙirjina yin nauyi ba. Ƙarfe biyu na dare hankali ba ya lissafi, hoto kawai yake gani.

A gida na zama wani mutum daban. Yaro ya taɓa ni in daka masa tsawa. Uwargida ta yi magana in ce "ina ji" alhali ban ji komai ba. Wata rana ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Baban yara, ko dai kishiya aka yi mini ban sani ba? Don ita kam da ita kake kwana, da ita kake tashi." Na yi dariya, ita ba ta yi ba.

Ranar da asirina ya tonu a wurin aiki, wani bawan Allah ya kawo babbar waya ba ta caji. Aiki ne da na yi ya fi sau ɗari. Za ka kwance, ka cire batir, ka rufe sassan da ke kewaye da tef mai jure zafi, ka saita injin iska mai zafi wajen digiri 350, ka riƙa zagaya shi a hankali har dalma ta narke, ka ɗaga bakin cajin da hantsaki. Sirrin aikin shi ne kada hannu ya tsaya wuri ɗaya. Nawa ya tsaya. Ban san daƙiƙa nawa na yi ina kallon fanel ɗin ba tare da ina ganinsa ba, sai ƙauri na ji. Fanel ya kumbura, hotunan mutum da lambobinsa duk suka tafi. Na biya kuɗin waya daga jarina, hotunan kam babu kuɗin da zai dawo da su.

Yaron shagona ne, wanda ni na koya masa riƙe sukundireba, ya ɗauki wayata da yamma ya ce, "Oga, don Allah bari in nuna maka wani abu, kada ka ji haushi." Ya shiga saitin waya, ya buɗe sashen da ake kira Digital Wellbeing. A wayoyin iPhone sunansa Screen Time, kuma duka biyun tun 2018 aka fito da su. Na sha wuce shi a wayoyin mutane ban taɓa buɗe nawa ba. Jiya: sa'a tara da minti arba'in. An buɗe waya sau 212. Sanarwa ta shigo sama da 600. Na ce ai aiki ne, da waya nake ciniki. Ya danna ya nuno mini kashi-kashi. Saƙon kwastomomi da kira duka ba su cika sa'a ɗaya da rabi ba.

Abin da na fara yi shi ne abin da kusan kowa ke yi, kuma bai yi aiki ba. Na goge komai a dare ɗaya, na yi rantsuwa. Kwana biyar na yi. Kwastomomi suna turo hoton waya ta WhatsApp ba su same ni ba, dillalin kayan gyara ya sa sabon farashi ban gani ba, ga wani irin ƙaiƙayi a hannu, ina laluben aljihu ko a sahun salla. A rana ta shida na mayar da su duka, na rama abin da ya wuce har da riba. Na koma saka wa kowace manhaja ƙayyadadden lokaci. Nan ma akwai rami biyu. Na farko, wanda ya saka iyakar shi ke da ikon cire ta, dannawa uku ce kawai. Na biyu, a Android lissafin yana komawa sifili da sha biyun dare, daidai lokacin da ciwona yake tashi. Sai in zauna ina jiran sha biyu, kamar dai zamanin kiran dare.

Ana cikin haka ƙirjina ya fara ciwo, abinci ya fita raina, na rame har wando na zamewa. Hajiya ta ce a nemi addu'a, wata gwaggona ta ce sammu ne na 'yan kasuwa. An yi mini ruƙiyya, na sha rubutu, kuma ban raina ko ɗaya ba. Ni kuma na ɗauka olsa ce ko hawan jini, shi ya sa na je asibiti. Aka auna jini lafiya, aka duba zuciya lafiya. Likitar ta ajiye biro ta ce, "Malam, yaya barcinka?" Daga nan ta yi mini tambayoyi tara a jere, duka a kan makonni biyun da suka wuce: ko na daina jin daɗin abin da na saba so, ko ina jin baƙin ciki da yanke ƙauna, barci, gajiya, cin abinci, ganin kaina ban da amfani, kasa tattara hankali, sanyin jiki ko rashin natsuwa, da kuma ko ina tunanin gara in mutu. Kowace tambaya maki sifili zuwa uku, jimla 27. Daga goma zuwa sama ana ɗaukar abin da muhimmanci. Na sami 16. A tambaya ta ƙarshe na yi shiru na ɗan lokaci kafin in amsa, domin akwai dararen da na ce a raina da Allah zai ɗauke ni da na huta. Ban taɓa furta shi ba sai ranar.

Ta ce sunan abin ciwon damuwa, kuma ana maganinsa. Na ce to waya ce ta jawo. Amsar da ta ba ni ita ce ta fi tsaya mini a rai cikin duk abin da na ji. Ta ce abin zagaye yake: rashin Baba ya tura ni cikin waya, waya ta cinye barci, rashin barci ya ƙara damuwa, damuwa ta sake mayar da ni waya. Idan na ajiye waya kawai ban taɓa damuwar ba zan koma, kamar yadda na riga na koma. Idan na sha magani ina raba dare, maganin zai yi ta ɗiban ruwa da kwando.

Daga baya na bi diddigin abin da masu bincike suka gano, sai na ga su ma ba bakinsu ɗaya ba. A Jami'ar Pennsylvania ta Amurka, a 2018, an ɗauki ɗalibai 143, aka taƙaita wa wani rukuni Facebook da Instagram da Snapchat zuwa minti goma kowanne a rana har mako uku, aka ga kaɗaici da alamun damuwa sun ragu a wurinsu, musamman waɗanda dama abin ya fi kamawa. A 2023 babban likitan gwamnatin Amurka, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi cewa matasan da ke wuce sa'a uku a rana a kafofin sada zumunta sun ninka sauran haɗarin alamun damuwa da fargaba. Amma a Jami'ar Oxford ta Ingila, a 2019, Amy Orben da Andrew Przybylski sun tattara bayanan dubban ɗaruruwan matasa suka ce alaƙar tana nan amma ƙarama ce ƙwarai, ba ta wuce kashi 0.4 cikin ɗari na bambancin walwalar da ke tsakaninsu ba. Da farko na ga kamar suna ƙaryata juna. Da na duba teburina sai na fahimta. Akwai mai sayar da atamfa da ke kawo mini waya, tana yin sa'a bakwai a kai, amma ciniki take yi da rana, dare ya yi ta kwanta, lafiyarta ƙalau. Idan aka haɗa irinta dubu da irina goma aka raba, sai a ce ba komai. Jimlar sa'o'i ba ta faɗin labari. A nawa ganin, abin tambaya uku ne: wane lokaci kake yi, me kake yi a ciki, kuma me wayar ta ture ta zauna a wurinsa.

Da wannan na sake shiri, a hankali, abu ɗaya kowane mako. Na fara da dare tunda nan ne ɓarnar take. Na daina sayen datar dare. Na mayar da caja falo, na ɗaure ta da wayar ƙarfe a jikin soket don kada in ɗauko ta. Goma na dare babbar waya na kan caji a can, ɗaki kuma sai 'yar ƙarama mai tocila, wadda layin da Hajiya da 'yan uwa suka sani ke ciki, ita ce kuma ke tashe ni asuba. Wannan ya kashe uzurin da na daɗe ina fakewa da shi, wai kada a neme ni da gaggawa. Daren farko har ƙarfe biyu idona biyu, ina jin motsin kowane ɓera. Likita ta riga ta gaya mini: idan barci ya ƙi zuwa bayan kamar minti ashirin, in tashi in zauna a wuri mai ƙarancin haske, in yi lazimi ko karatu a takarda, sai na ji shi in koma, kuma ko ƙarfe nawa na yi barci in tashi lokaci ɗaya kullum, kada in rama da rana. Shayi mai kauri da lemon ƙara kuzari kuma a daina su daga la'asar. Sai da na yi kwana goma sha biyu kafin in yi barcin sa'a shida a jere.

Mako na biyu sanarwa. Na kashe ta kowace manhaja, na bar kira da saƙon mutum ɗaya-ɗaya. Na ƙirga zaurukan da nake ciki, 43. Na fita daga 31. Wannan ya fi komai wuya, don a wurinmu fita daga zauren dangi ko na 'yan ajinku kamar yanke zumunci ne, kuma an kira ni an tambaya ko lafiya. Waɗanda ba su fituwa na rufe musu baki na tura su ma'ajiya, ina leƙawa sau ɗaya bayan azahar. Mako na uku na cire manhajojin bidiyo da na muhawara daga waya gaba ɗaya. Ban rufe shafukana ba, amma idan ina son shiga sai ta burauza, in rubuta kalmar sirri da hannu kowane lokaci. Wahalar daƙiƙa talatin ɗin nan ta isa ta sa in tambayi kaina me zan je yi. Na kuma mayar da fuskar wayar fari da baƙi daga magariba, akwai wurin yin haka a cikin saitin lokacin barci. Bidiyon girki ko na ƙwallo ba launi, da kanka za ka gaji. Manhajar kulle da ke hana ni buɗe wasu manhajoji kuma uwargida ce ta saka mata lamba, ban sani ba har yau. Na taɓa roƙonta wani dare, ta ce, "Kai ka ce ko ka yi kuka kada in ba ka." Gaskiyarta.

Wani abu da ba wanda ya gargaɗe ni a kai: idan ka ƙwato sa'a biyar daga waya, sa'o'in nan suna zuwa su tsaya a gabanka fanko, kuma abin da ka gudu ka bari yana cikinsu. A mako na uku ne na yi kukan Baba, shekara uku bayan binne shi. Na je zauren na zauna, na kunna rediyonsa, batir ya mutu a ciki har ya yi tsatsa. Na kankare na gyara. Daga nan na koma karatun tsakanin magariba da isha'i a masallacin unguwa, na koma majalisar ƙofar gida da na yi shekaru ina wucewa da sallama kawai, ranar Juma'a da yamma kuma ina kai yara gidan Hajiya, wayar na aljihun babur.

Game da magani, ga kuskuren da na yi don kada wani ya maimaita. Irin ƙwayoyin damuwar da likita ta rubuta mini ba sa aiki nan take, sai bayan mako biyu zuwa huɗu, wani ma shida, kuma a makon farko na sha tashin zuciya da jiri har na kusa yarwa. Da na kai wata biyu na ji garau, sai na daina da kaina, don ina jin kunyar a gan ni da maganin ƙwaƙwalwa. Ba a yi mako uku ba jiri da rashin barci suka dawo, na tsinci kaina a falo ƙarfe ɗaya na dare a tsugune gaban soket. Na koma asibiti da kunya. Likita ta ce ƙa'ida a ci gaba aƙalla wata shida bayan an ji sauƙi, sannan a rage a hankali da saninta. Haka na yi a karo na biyu. Kuma kada kowa ya sayi irinsu a kemis don ya ji labarina, ko ya nemi maganin barci da kansa, wannan wata ƙofar ce ta daban mai wuyar rufewa. Wanda ya kai mako biyu cikin irin alamun da na lissafa ya je a duba shi. Wanda tunanin mutuwa ke zo masa kuwa kada ya jira gobe, ya faɗa wa wani na kusa a kai shi ranar. Akwai sashen masu kula da wannan a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da asibitin Dawanau, akwai asibitocin tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri. Ba sai wanda ya tuɓe a titi ake kaiwa can ba. A layin da na zauna akwai malamin makaranta, akwai mai jego, akwai wani dattijo da carbinsa.

Yanzu ina tsakanin sa'a uku da uku da rabi a rana, mafi yawa ciniki. Duk ranar Asabar da safe ni da yaron shagona muna buɗe lissafin mako, nawa da nasa, wanda ya fi yawa ya sayi shayi. Ba kullum nake ci ba. Watan jiya da aka yi wata rigima a gari na kai sa'a shida kwana biyu a jere, na gane tun kafin in duba, don na daka wa ƙaramar 'yata tsawa a kan ta zubar da ruwa.

Idan aka kawo mini waya ana kukan batir ba ya riƙe caji, kafin in kwance nakan nemi izini in buɗe lissafin nan. Sau da yawa batirin lafiyarsa lau. Shekaranjiya wani matashi ya kawo tasa, na juya masa fuskar ya gani, sa'a goma sha ɗaya, huɗu daga ciki bayan sha biyun dare. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Oga, to yanzu batirin za a canza ko kuwa?" Na ce ya ja benci ya zauna tukuna, na aika a kawo mana shayi biyu.